Shirin yi wa ɗalibai mata jagora a tsangayar injiniya: inda ya amfane ni da inda ya gaza

Duk shekara in sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu sun fito, sai ƙanne su fara turo mini tambaya iri ɗaya: "Yaya, shirin nan na mata da ke tsangayar injiniya yana da amfani kuwa, ko ɓata lokaci ne?" Amsata ita ce ki shiga, kuma ki shiga tun makon farko. Sai dai akwai abin da za ki samu a cikinsa, akwai kuma wanda ko kin gama digiri kina jira ba zai zo ba, gara ki san bambancinsu tun yanzu.

Injiniyan lantarki na karanta. Na shiga shirin ina 'yar aji ɗaya, ana yi mini jagora, daga baya ni ma aka ba ni ƙanne na riƙe, don haka na ga cikinsa na ga wajensa. Zubin irin wannan shiri kusan ɗaya ne a jami'o'i da dama. Za ki cike fom a farkon zangon karatu, a haɗa ki da ɗalibar da ta girme ki a karatu da shekara biyu ko uku, ku riƙa zama kamar sau ɗaya a wata. Ana buɗe ɗakin gwaje-gwaje da yamma rana ɗaya a mako don mata kawai. Ana gayyato baƙi su yi jawabi, ana kuma tura sanarwar tallafin karatu da guraben koyon aiki a kamfanoni ta zauren WhatsApp. Ba a biyan komai.

Zaman nan na wata-wata shi ne ƙashin bayan shirin, kuma shi ne wanda ba ya fitowa a hoto. Yayar da aka haɗa ni da ita tana aji huɗu a sashenmu. Gwajin farko na darasin da'irar lantarki ya ba ni kashi sosai, na je mata da takardar a naɗe, na riga na fara tambayar yadda ake canja sashe. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba, ba ta kuma ce in yarda da kaina ba. Ta buɗe jakarta ta ciro tsohuwar takardarta ta wannan gwajin, makinta bai kai nawa ba. Sannan ta ce, "Wace tambaya ce ta kayar da ke? Nuna mini." Muka zauna a kan dokokin Kirchhoff, waɗanda ake lissafa tafiyar wuta a cikin da'ira da su, ta nuna mini cewa in na zaɓi inda wutar za ta bi a zane, to in tsaya a kai har ƙarshe, in amsar ta fito da alamar ragi ba faɗuwa ba ce, wutar ce kawai ke bin ɗaya hanyar. Ta kuma gaya mini abin da ba ya cikin kowane littafi: malamin nan haka gwajinsa na farko yake kowace shekara, yawancin aji a ƙasa suke fitowa, samarin da nake gani suna dariya a bakin ƙofa su ma makinsu ke nan.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta riƙe ni. Na lura, a lokacin da kuma bayan da na zama jagora, cewa in namiji ya faɗi gwaji yakan ce jarrabawar ce ta yi tsauri. Mace kuwa, in ta waiga ta ga su kaɗan ne a aji, sai ta ce ita ce ba ta dace da wurin ba. Maki ɗaya, fassara biyu. Wadda ta riga ki bin hanyar ita ke iya gyara miki fassarar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ba ni kaɗai na ga haka ba. A shekarar 2017 Tara Dennehy da Farfesa Nilanjana Dasgupta na Jami'ar Massachusetts da ke Amherst a Amurka sun wallafa sakamakon wani bincike a kan sababbin ɗalibai mata 150 masu karatun injiniya. An raba su kashi uku ta hanyar ƙuri'a: wasu aka ba su jagora mace daga manyan ɗalibai, wasu jagora namiji, wasu ba a ba su kowa ba. Da shekara ta ƙare, duk waɗanda ke da jagora mace suna nan a injiniya, ko ɗaya ba ta fita ba. A cikin masu jagora namiji kashi 82 cikin 100 ne suka rage, a cikin marasa jagora kashi 89. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba maki ne ya raba masu zama da masu tafiya ba. Jin cewa nan wurinki ne, da yarda cewa za ki iya, su suka raba su. Da aka ci gaba da bibiyar ɗaliban, rahoton da ya fito a 2022 ya nuna tasirin jagorancin shekara ɗaya tak ya bi su har bayan kammala karatu. Mutum 150 ba taron duniya ba ne, jami'a ɗaya ce kuma, amma abin da suka auna shi ne abin da na gani da idona. Kuma wannan ba suka ba ce ga maza. Malamin da ya fi koya mini injinan lantarki namiji ne, Allah ya saka masa da alheri. Sai dai akwai tambayar da ba zai iya amsa mini ba ko ya so, wato ko mace irina tana kaiwa ƙarshen wannan hanya. Yaya ba ta buƙatar buɗe baki don ta amsa, zamanta a aji huɗu ya wadatar.

Abu na biyu, wanda a wurina ya kusa kamo na farko, shi ne yammacin ɗakin gwaje-gwaje. Sai wanda ya yi karatun injiniya zai gane dalilin da ya sa wannan yake da nauyi haka. A darasin gwaji na yau da kullum ana raba ku rukuni-rukuni, mutum biyar ko shida a kan teburi ɗaya, na'ura ɗaya. Kafin malami ya gama bayani wani ya riga ya ɗauki wayoyin mitar auna wuta, wani ya kama maɓallan osiloskof, na'urar da ke zana igiyar lantarki a allo. Ke kuma sai a miƙo miki littafin rubuta sakamako, a ce, "Ke kin fi mu iya rubutu mai kyau." Ba da mugunta ake faɗa ba, wani lokaci ma yabo ake nufi. Amma zango guda zai wuce kin cika shafuka da lambobi masu tsafta, hannunki bai taɓa haɗa ko waya ɗaya ba. Carroll Seron da Susan Silbey da abokan aikinsu sun bibiyi ɗaliban injiniya kusan 700 a makarantu huɗu na Amurka, ciki har da Cibiyar Fasaha ta Massachusetts (MIT), 40 daga cikinsu suna rubuta abin da ke faruwa da su a kai a kai. Abin da suka wallafa a 2016 ya nuna wannan rabon aikin: a aikin rukuni da wurin koyon aiki, maza su ɗauki warware matsalar, a bar wa mata tsarawa da rubutu. Daga nan ne wasu matan ke fara tambayar kansu ko wannan sana'a ce suke so.

A yammacin shirin, kowace da teburinta da mitarta. Akwai ma'aikacin ɗakin gwaji, dattijo mai haƙuri, muna ce masa Baba, yana zagayawa amma ba ya karɓar kayan aiki daga hannun kowa. In kin tambaye shi zai ce, "To 'yata, me mita ta ce?" Aikin farko da ya ba mu shi ne haɗa ƙaramar na'urar da ke sauko da wutar soket zuwa bolt 5: taransifoma ta rage ƙarfin wutar, dayod huɗu su mayar da ita mai bin hanya ɗaya, kafasita ta daidaita tsalle-tsallenta, sai ɗan ƙaramin mai tsare ƙarfin ya riƙe ta a 5. A takarda duk mun san wannan. A kan teburi kuwa za ki koyi yadda ake riƙe ƙarfen narka dalma, cewa wurin haɗin ake ɗumamawa sannan a kawo dalmar, cewa haɗin da ya yi kyau sheƙi yake yi, wanda bai kama ba kuma ya yi dishi-dishi. Za ki koyi karanta launukan da ke jikin rezista, ɗan abin nan da ke rage gudun wuta, ba tare da duba allo ba. Za ki ji ƙarar kafasitar da aka juya ƙafafunta ta fashe a teburin wata, kowa ta firgita, Baba ya ɗauko wata ya ajiye mata ya wuce. Ba mai ba da maki, ba mai cewa "dama na faɗa." Ranar da mitata ta nuna 5 daidai, na daɗe ina kallonta. A darasin gwaji na gaba ni na fara kai hannu kan wayoyin, na tura wa na kusa da ni littafin rubutu, ya karɓa ba tare da wata magana ba.

Wasu na cewa keɓe mata a ɗaki daban ba ya shirya su ga wurin aiki, inda za su tarar da maza sun fi yawa. Na fahimci damuwar, amma awa biyu ne a mako, sauran kwanakin duk tare muke. Wani binciken na Dasgupta a 2015 ya gwada rukunonin da mata suka kai kashi 25, da 50, da 75 cikin 100, ya samu cewa matan sun fi buɗe baki su sa hannu a aikin idan su ne suka fi yawa. Abin da aka koya a wannan ɗakin da shi ake fita waje.

Akwai wani ɓangare da shirinmu ya taɓa sama-sama, ina ganin ya cancanci fiye da haka. Zanen injiniya yana buƙatar ki ga abu a takarda ta gaba da ta sama da ta gefe, ki juya shi a cikin kanki ki gane siffarsa. Yara da yawa da suka tashi suna kwance abubuwa suna ɗaurawa sun zo da wannan a hannu. Waɗanda ba su samu wannan dama ba, kuma mata sun fi yawa a cikinsu, sai su ɗauka baiwa ce da Allah bai ba su ba. Sheryl Sorby, injiniya a Jami'ar Fasaha ta Michigan, ita kanta darasin zane ya wahalar da ita tana ɗaliba. A 1993 ta fara wani gajeren kwas na koyar da wannan juya siffa a ƙwaƙwalwa, aka ga makin ɗalibai ya tashi, matan da suka yi kwas ɗin kuma sun fi zama a injiniya. Ashe abin koyo ne kamar kowane. Mu zama kaɗan aka yi mana da 'yan tubalan katako da takarda mai ɗigo-ɗigo, kuma ko wannan ɗan kaɗan ɗin ya ceci wata ƙawata da ke injiniyan gine-gine. Ya kamata ya zama darasi mai zaman kansa, ga duk wanda gwajin farko ya nuna yana buƙata, mace ko namiji.

Jawaban baƙi su ne ɓangaren da aka fi kashe wa ƙarfi, su ne kuma suka fi ƙarancin amfani. A cika zaure, a karanta tarihin baƙuwa mai muƙamai, ta ce mu dage mu yi mafarki babba, a ɗauki hoto a watse. Ina girmama waɗannan mata, sun sha wuya kafin su kai inda suke. Amma yarinyar da ke fama da lissafin kalkulas ba ta ga hanyar da ta taso daga kujerarta zuwa kujerar shugabar kamfani ba, tazarar ta yi yawa. Baƙuwar da har yau nake tunawa matashiya ce mai kula da tashar rarraba wuta, shekarunta kaɗan da gama karatu. Ta zo da hular kwano da takalmin aiki, ta ce sai da ta yi ta nema kafin ta samu takalmin da safar hannun da suka yi mata daidai, domin yawancin kayan kariya da jikin namiji aka auna su, kuma safar da ta yi miki yawa haɗari ce a kusa da wuta. Ta gaya mana abin da take yi in ma'aikacin da ya girme ta ya ƙi bin umarninta, da yadda ta yi da aikin fili lokacin da take da juna biyu. Ranar ba wadda ta duba waya. Da ni ce mai tsara shirin, irinta zan riƙa kawowa.

A bangon ɗakin shirin akwai hoton Edith Clarke, mace ta farko da ta samu digiri na biyu a injiniyan lantarki daga MIT a 1919, wadda a 1947 ta zama farfesa a Jami'ar Texas. A nan na fara sanin cewa "sauyin Clarke" da muke amfani da shi wajen lissafin wuta mai layi uku sunan mace ne. An koya mana lissafin a aji, ba wanda ya ambaci mai shi. Jumla ɗaya ce da ba za ta ci wa malami komai ba.

Yanzu ga inda shirin ya gaza, kuma da na zama jagora ne na gan shi sosai. Haɗa mutane ana yin sa ne da gaggawa. Akan ba 'yar injiniyan sinadarai jagora daga sashen kwamfuta, su gaisa sau ɗaya su rasa abin cewa. Wasu jagororin sukan ɓace bayan zaman farko, ba wanda ke bin sawu, ƙanwar kuma kunya ta hana ta kai ƙara, sai ta ɗauka ita ce ba a so. Ban ga laifin jagororin sosai ba. 'Yan ajin ƙarshe ne, aikin kammala digiri na wuyansu, ba a biyansu, ba a ƙara musu ko maki ɗaya. Haka malamai mata ƙalilan da ke tsangayar, su ne a kwamitin shirin, su ne a wurin taro, su ne ake kira in wata ta shiga damuwa, alhali lokacin ƙarin girma takardun bincike ake ƙirgawa. Jami'a tana sa hoton shirin a takardun tallarta, ya kamata ta sa aikin a cikin lissafinta.

Wanda ya fi damuna ya fi wannan nauyi. Horon da aka ba mu na jagoranci yini ɗaya ne, a kan sauraro da tsara lokaci. Ba a ce mana komai ba game da abin da za mu yi in ƙanwa ta zo ta ce wani mai iko a kan makinta yana takura mata. Kuma ta zo. Ta zauna a gabana tana murza gefen littafinta, ta ce, "Yaya, don Allah kada ki gaya wa kowa." Ni ɗaliba ce kamarta. Na raka ta wurin wata malama da na amince da ita, aka bi lamarin, amma dacen sanin malamar ne ya taimake mu, ba tsarin shirin ba. Duk shirin da ya ce wa mata su zo su faɗi damuwarsu, wajibi ne ya tanadi inda maganar za ta je: ofishi sananne, mutum mai horo, tabbacin sirri, da kariya daga ramuwar gayya. In babu wannan, an ɗora wa 'yar shekara ashirin da 'yan kai kayan da ba nata ba.

Sannan shirin gaba ɗayansa mata yake gyarawa, bai taɓa tsangayar ba. Ana koya mana yadda za mu karɓi wayoyin mita, ba a gaya wa malami ya riƙa juya aiki a rukuni ba, yau ke ce mai haɗawa, gobe shi ne mai rubutu. Ba a gaya masa ya daina warwatsa mata ɗai-ɗai a rukunoni da sunan adalci ba. Inda aka ga canji babba, darasin kansa aka taɓa. A Kwalejin Harvey Mudd da ke Kalifoniya, wajen lokacin da Maria Klawe ta zama shugaba a 2006, an sake fasalin darasin farko na kimiyyar kwamfuta, aka raba waɗanda suka taɓa rubuta manhaja da waɗanda ba su taɓa ba, don kada 'yan gaba su cika aji da surutun da ke tsorata sababbi. Cikin 'yan shekaru mata a wannan fanni suka tashi daga kusan kashi 10 zuwa kusan 40 cikin 100. Rahoton kimiyya na UNESCO na 2021 ya ce mata kashi 28 cikin 100 ne na masu kammala karatun injiniya a duniya, amma a Aljeriya da Tunisiya da Maroko sun haura kashi 40, a Amurka kusan 20, a Japan 14. Ƙwaƙwalwar mata ba ta canjawa a bakin iyakar ƙasa. Abin da ake gaya wa yarinya da yadda ake karɓarta su ke canjawa, kuma zaman wata-wata da yaya, duk kyansa, ba zai iya wannan aikin shi kaɗai ba.

Na san wasu mata a ajinmu da suka ƙi shiga, suna gudun a ce an fifita su. Ban taɓa matsa musu ba, kuma wasunsu sun gama da sakamako mai kyau. Abin da nake gaya wa mai wannan tsoro shi ne shirin ba ya ba da maki, ba ya shiga ɗakin jarrabawa da ke. Samarin da ke cewa "mu fa?" su ma suna da gaskiya a gefe ɗaya, domin akwai da yawa a cikinsu da ba su taɓa riƙe ƙarfen dalma ba. A buɗe musu wani yammacin, ba sai an rufe namu ba.

Idan jami'arku ba ta da irin wannan shiri, ki duba ko akwai reshen ɗalibai na ƙungiyoyin mata injiniyoyi, irin su SWE da aka kafa a Amurka a 1950, ko sashen mata na IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki ta duniya. Ƙungiyar mata injiniyoyi ta Birtaniya, WES, wadda ta faro tun 1919, ita ta ƙirƙiro ranar mata injiniyoyi ta 23 ga Yuni, kuma a wajen wannan lokaci akan yi taruka da dama ta intanet. In duk babu, ki nemi wata a aji uku ko huɗu a sashenku ki gaishe ta ki ce kina son ta riƙa duba ki. Da wuya ta ƙi.

Idan kuwa akwai, to ki je yammacin ɗakin gwaji ko da jarrabawa ta matso, jawabai kuma ki zaɓi na waɗanda ba su daɗe da gama karatu ba. In wata guda ya wuce jagorarki ba ta amsa saƙo ba, ki koma ofishin ki ce a canja miki, ba rashin kunya ba ne. A fom ɗin rajista yawanci akwai gurbin da ake tambayar sashen da kike so jagorarki ta fito, mutane da yawa suna barinsa haka nan. Ki rubuta sashenki da manyan baƙaƙe.